Daga Gindiri Zuwa Illela: Wa Zai Tsaya wa Yaron da Ba Ya Ji?

Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da unguwarmu a nan Illela.

Akwai wani yaro kurma, ɗan maƙwabtanmu. Yana shekara bakwai uwarsa ta kama hannunsa ta kai shi firamare. Aka ce mata, "Baiwar Allah, ba mu da malamin da zai iya da shi, ki kai shi Sakkwato." Daga nan zuwa Sakkwato ya fi kilomita 80, sai ka wuce Gwadabawa da Kware. Ita kuwa ƙosai take soyawa. Ta dawo gida da ɗanta. Yanzu ya zama saurayi, ranar Lahadi yana dako a kasuwa, ko sunansa bai iya rubutawa.

Makarantar da aka nuna mata ita ce ta A.A. Raji, wadda ke ɗauke da sunan Rasheed Adisa Raji, kantoman soja da ya riƙe jihar Sakkwato daga 1996 zuwa 1998. To ina irin waɗannan makarantu suka samo asali?

Kafin boko, ƙasar Hausa tana da nata tsari. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, masu sulhu tsakanin jama'arsu da kai kukansu fada. Makaho yakan haddace Alƙur'ani da ka a tsangaya har ya zama malami. Kurame kuma suna da harshensu, maganar hannu, wanda ba Bature ne ya kawo shi ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, ga mafi yawansu tsarin nan a bara yake ƙarewa.

Makarantar makafi ta farko a Najeriya mishan ne suka buɗe ta a Gindiri, jihar Filato ta yau, a 1953. A 1960 Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa ta kurame a Ibadan. Gwamnati ba ta shigo da ƙarfi ba sai 1977, lokacin da manufar ilimi ta ƙasa ta ware sashe guda don ilimi na musamman. A shekarar ne aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano, da kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo.

Ku duba jerin nan da kyau. Mishan, gwamnati, soja. Ina iyaye? Kusan komai daga sama ya sauko, shi ya sa ya tsaya a manyan birane. Kyauta ce, kuma wanda aka ba kyauta ba ya cewa ta yi kaɗan.

A Amurka ta wata hanya abin ya bi. Can ma a da makarantun gwamnati suna mayar da irin waɗannan yara gida. A 1971 wata ƙungiyar iyaye a jihar Pennsylvania ta maka gwamnatin jihar a kotu, kuma suka yi nasara. A 1972 wasu iyaye a birnin Washington suka sake cin irin wannan shari'a, inda alƙali ya ƙi karɓar uzurin hukuma na cewa babu kuɗi. A 1975 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai nakasa kyauta. Ba tausayi ne ya buɗe ƙofar ba, iyaye ne suka yi ta bugawa.

Wani zai ce ai can Amurka ce. Haka ne, amma mu ma yanzu muna da takarda a hannu. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro, ba ta ce ban da kurma ba. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ku leƙa firamaren unguwarku ku gani ko keken guragu zai shiga aji.

Ni abin da ya fi damuna, wallahi, kunya ce. Muna ɓoye yaran a ɗaki, wai kar a gani. Yaron da ba a ƙidaya ba kuwa babu wanda zai ware masa kuɗi a kasafi. Uwa ɗaya za a iya sallamarta da "ki yi haƙuri". Iyaye ashirin riƙe da sunayen 'ya'yansu a rubuce, a zaman kwamitin makaranta ko a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wannan wata magana ce daban. Buƙatar ma ba babba ba ce: aji ɗaya a firamare ɗaya cikin gari, da malami ɗaya da ya iya maganar hannu.

Maƙwabciyar tamu tana da jika yanzu, 'yar shekara huɗu, ita ma ba ta ji. Jiya ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Ɗana, in kun tashi rubuta sunayen nan, a fara da nata."