Digirin Dokta kan Mulkin Gargajiya da na Ƙananan Hukumomi a Nijar: Tarihin Darussa da Awon Ɗalibi

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ake horar da ɗalibin dokta mai nazarin mulki a matakin gari da karkara, da kuma yadda ake auna aikinsa, musamman yanzu da ake yawan maganar gina ilimi tare da jama'ar da ake bincike a kansu.

Tsarin da muka gada daga Faransa bai damu da darasi ba. Bayan shekarar share fage, ɗalibi kan koma ƙarƙashin malami guda, ya yi shekaru yana rubuta kundinsa, sa'an nan ya kare shi gaban kwamitin malamai. Faransa ta haɗe digirorinta na dokta wuri guda a 1984, amma ƙasashen CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, sun daɗe suna riƙe da tsohon tsarin mai hawa biyu. Ita kuwa Jami'ar Yamai, wadda ta samu cikakken matsayi a 1973, ta yi shekaru tana aika yawancin ƴaƴanta waje domin wannan mataki. Wato ana iya rubuta kundi a kan sarautar Gobir ko ta Damagaram, a auna shi a Bordo ko Paris, gaban malaman da wasunsu ba su taɓa zama a fadar sarki ba.

Abin lura shi ne, aiki tare da talakawa ya riga jami'a zuwa ƙasar nan. Tun farkon shekarun 1960, zamanin Diori Hamani, aka fara shirin wayar da kan mutanen karkara, inda ƙauye ke zaɓen wakilansa a horar da su, kuma yankin Matamai na cikin wuraren da aka soma gwajin. Gwamnatin Seyni Kountché ta zo da samariya da tata manufar raya ƙasa. Sai dai a duka biyun hukuma ce ke tsara tambaya, ita ce kuma ke ƙidaya waɗanda suka halarci taro ta kira shi nasara. Wannan ɗabi'a ta auna haɗin kai da yawan kawuna ba ta mutu ba. Har yau mukan gan ta a babin hanyoyin bincike na kundaye da dama.

Canji na haƙiƙa ya fito daga wajen aji. A farkon shekarun 1990 Thomas Bierschenk da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka tsara hanyar binciken taron dangi da ake kira ECRIS: manyan masu bincike da ɗalibai su sauka gari ɗaya na ƴan kwanaki, su rarrabu zuwa wurin sarki, ƴan kasuwa, makiyaya, mata da ma'aikata, da yamma kuma a zauna a tankaɗe abin da kowa ya jiwo. Cibiyar LASDEL, da aka buɗe a Yamai a 2001, ta yi amfani da wannan hanya wajen bin garuruwa kafin zaɓen ƙananan hukumomi 265 na 2004 da bayansa. Amfaninta ga ɗalibi a fili yake: malami yana ganin yadda yake gaisuwa, yadda yake tambaya, da inda ya yarda da magana ba tare da ya tabbatar ba. Kundi ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Umurnin UEMOA na 2007 kan tsarin LMD ya kawo makarantun dokta, da tarukan ƙara wa juna sani na wajibi, da kwamitin bin aikin ɗalibi, a wurare da yawa kuma da sharaɗin buga maƙala kafin ranar karewa. Ci gaba ne, ba shakka, kuma jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram da aka kafa a 2010 sun taso cikinsa. Amma ma'aunin bai sauya ba: mutum ɗaya, rubutu ɗaya, da Faransanci. Zaman da ɗalibi ya yi ya mayar wa mutanen gari sakamakon bincikensa, su gyara masa ko su musanta, ba ya cikin abin da aka saba ba maki.

Abubuwa biyu na kwanan nan sun tsananta matsalar. A 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙon ƙwarya, don haka ɗalibin da ya gina aikinsa kan magajin gari da kansiloli dole ya sake tambayar da wa zai yi haɗin gwiwar. A 2025 kuma sabon kundin tsarin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. A ganinmu, wannan ya isa hujjar sashe ya wajabta taƙaitaccen bayanin kundi da harshen mutanen da aka bincika, tare da rahoton zaman mayar da sakamako, a miƙa su ga kwamitin malamai kafin a sa ranar karewa.