Ubangida

ubangida (suna, namiji, jam'i: iyayen gida, idan mace ce, uwarɗaki). Daga uba da gida.

1. Mai dukiya ko sana'a wanda wasu ke aiki a ƙarƙashinsa. A kasuwar Kantin Kwari ta Kano, shi ne ke zuba jari, ya riƙe littafin bashi, ya ba yaron shago mabuɗi da zarar ya yarda da amanarsa. Sau da yawa babu albashi a rubuce. Sai dai ci da sha, da ɗinkin Sallah, da ɗawainiyar aure suna wuyan ubangidan, kuma bayan shekaru ya sallami yaron da jarin kansa. Wanda ya ci gumin yaro shekara goma bai sallame shi ba, bai cancanci sunan ba. *Ubangidana ya aike ni Legas sarin atamfa.*

2. Shugaba a ofis ko ma'aikata. A nan an fi cewa oga ko manaja, domin dangantakar ta tsaya ga takardar ɗaukar aiki.

3. A siyasa, mai ɗaure wa ɗan takara gindi.

Kada a rikita shi da Ubangiji.