Darasin Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo ga Masu Riƙon Amanar Jama'a

Masana tarihi sun tabbatar da cewa a wajajen 1807, kimanin shekara uku da fara jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar Musulmi ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Ba tsoron abokan gaba ne ya kore shi ba, domin shi ne ya jagoranci mayaƙa a Tafkin Kwatto cikin 1804. Abin da ya ɓata masa rai shi ne halin wasu daga cikin jama'arsa. A littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya rubuta cikin 1813, ya koka da yadda suka karkata ga neman muƙami, da tara dukiya, da ƙawar dawakai da tufafi, suka yi sake da masallatai da makarantu.

Da ya iso Kano, mutanen birnin suka roƙe shi da ya tsaya ya koya musu tsarin mulki. Nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, inda ya bayyana yadda ake naɗa shugaba, da haƙƙin talakawa a kansa, da aikin alƙalai da wakilai. Daga bisani ya koma wurin Shehu, aka ci Alƙalawa cikin 1808.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda Malam Abdullahi ya zarga su ne suka tashi yaƙar zaluncin sarakunan da suka gabace su. Shehu da kansa ya soki haraji na zalunci da karɓar gaisuwa a Kitabul Farƙi, amma tun nasara ba ta kammala ba, cutar ta fara kama masu magani.

Mu ma tun dawowar mulkin farar hula cikin 1999 muke aika 'ya'yan garinmu majalisu da ƙaramar hukuma da alkawarin gyara. Wajibi ne mu auna su da ma'aunin nan, mu kuma fara da kanmu. Kuɗin da ake tarawa domin gyaran azuzuwa da haƙa rijiyoyi amana ce, kuma ya dace kowane mamba ya ga lissafinsu a taron shekara. Malam Abdullahi ya faɗa wa 'yan'uwansa gaskiya, sannan ya rubuta musu hanyar gyara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon koyi da su, amin.