Pruitt-Igoe: Benayen da Suka Mutu Kafin a Sa Musu Nakiya

Na fara ganin rushewar Pruitt-Igoe ne a wani fim na 1982 mai suna Koyaanisqatsi. Bene mai hawa 11 yana tsaye, sai ƙura ta tashi, kafin ka ce kwabo ya durƙushe kamar raƙumi. Na yi ta maimaita wurin ina tambayar kaina: su wa suka zauna a ciki, kuma me ya yi zafi haka?

Unguwar tana birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka. Gwamnati ce ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi benaye 33, masu ɗauke da gidaje 2,870, aka fara tarewa a 1954. Wanda ya zana su shi ne Minoru Yamasaki, mutumin da daga baya ya zana tagwayen benayen New York da aka kai wa hari a 2001. Iyalan da suka baro tsofaffin gidaje marasa ruwan famfo sun shiga cike da murna.

To amma akwai lauje cikin naɗi. Dokar gidaje ta 1949 ta ba da kuɗin gini, ta bar gyara a kan kuɗin haya. Mutanen birnin kuma suka yi ta ƙaura, daga kusan dubu 857 a 1950 zuwa dubu 622 a 1970. Gidaje suka zama kango, kuɗin haya ya ragu, lif ya lalace, bututun ruwa suka farfashe da sanyi. Talakawa baƙaƙen fata da suka rage sun ƙaurace wa biyan haya a 1969, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ranar 16 ga Maris, 1972 aka tayar da benen farko. Mai karatu, ka lura da yadda masu wannan sana'a suke aiki. Sukan cire bangayen ciki, su huda ginshiƙan da ke ɗauke da ginin, su cusa nakiya, su tsara tashinta bi da bi, tazarar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Aikin nakiya kawai ta zare wa bene ƙafafu. Nauyinsa ne yake kayar da shi a inda yake tsaye, ba tare da ya faɗa kan maƙwabta ba. Zuwa 1976 an share sauran benayen, akasari da injinan rusau, filin kuma ya daɗe yana daji.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ginshiƙan Pruitt-Igoe na gaskiya, wato kuɗin gyara da aikin yi ga mazauna, an zare su shekaru kafin 1972. Masu nakiya jana'iza kawai suka yi. Duk sanda na ga ana bikin buɗe sabon rukunin gidaje, nakan tambaya: wa zai biya kuɗin gyaran famfo nan da shekara goma?

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.