Nana Asma'u da 'Yan Taru: Hidimar da Ta Rayu Bayan Mai Ita

Duk wanda ya gaji fatauci ya san kalmar jaji. A zamanin da ayari ke tasowa daga Kano da tufafi da kanwa, ya biyo ta Yola ya shigo Garwa da Rai Buba da Ngaundare neman hauren giwa, jaji ne mai shiga gaba. Shi ya san hanya, ya san zango, ya san inda ruwa yake. A wannan fitowa ta zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da wata baiwar Allah da ta naɗa wa mata wannan suna, ta kafa aikin sa kai wanda ya daɗe bayan ranta. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Labarinta ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Daga hannun mahaifinta Modibbo Adama ya karɓo tutar Fombina, a zamanin da Buba Njidda ke kafa Rai, wadda Cholire ke cikin ƙasarta. Fillancin da ta yi yawancin waƙoƙinta da shi, ɗan'uwan wanda muke ciniki da shi ne a kasuwanninmu.

An haife ta a Ɗagel wajen 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Ba ta wuce shekara 11 ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka tun tana ƙarama ta ga yunwa da ƙaura da mutuwar dangi a fagen fama. Ta yi karatu mai zurfi a gidan mahaifinta, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ta so zaman hutu a gidan sarauta, babu mai hana ta.

To amma yaƙi ya bar baya da ƙura. Ƙauyuka sun cika da matan da mazajensu suka mutu, da marayu, da waɗanda aka kamo aka zaunar a baƙuwar ƙasa. Mafi yawansu ba su taɓa riƙe allo ba, kuma matar aure mai goyo ba ta da halin barin ɗakinta ta tafi birni neman ilimi. Asma'u ita kaɗai ba za ta iya zaga ƙauyukan nan ba. Sai ta yi dabara irin ta madugu: ta nemi waɗanda za su iya tafiyar.

Wajen shekarun 1830 ta fara zaɓen dattijan mata masu mutunci, waɗanda suka gama haihuwa. Kowacce takan naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, don duk wanda ya gan ta a hanya ya san aikin da take yi, ya ba ta girmanta. Jaji takan tattaro tsofaffi da 'yan mata na ƙauyensu, su tako da ƙafa har wurin Asma'u, su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Da yake ba kowa ke karatu ba, sai ta mayar da darasi waƙa da harshen da suke ji, mace na daka ko kaɗi tana bitar abin da ta koya.

Aikin bai tsaya ga karatu ba. 'Yan Taru su ne masu duba marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sharar masallaci, da sulhunta masu saɓani. Sadakar da suka kawo wa Asma'u, ita kuma takan raba wa mabukata. Babu wadda ake biya ko ɗiyar wuri. Ita ma ba ta raina su ba: a cikin rubuce-rubucenta kusan 60 da suka iso gare mu, tare da marsiyyoyin sarakuna da malamai, akwai wadda ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai, aka rufe ta a Hubbare a Sakkwato kusa da mahaifinta. Aikin bai bi ta kabari ba. Ƙanwarta Maryam ta karɓa ta ci gaba da naɗa jaji. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, mulki ya sake hannu, amma mata ba su daina zuwa ba. Sa'ad da Jean Boyd ta yi bincikenta da taimakon Waziri Junaidu, wanda jinin Asma'u ne, ta tarar da tsarin da ransa, ta rubuta shi a littafinta na 1989.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, a nan ne labarin ya shafe mu. Kowannenmu ya san waɗanda ke riƙe da wannan ƙungiya ba tare da albashi ba. Akwai mai saukar da baƙo idan mota ta lalace da dare. Akwai mai rufe shagonsa ya raka mara lafiya asibiti a Garwa, da mai tsayawa wurin kwastan ko jandarma har a saki kayan ɗan'uwa. Idan ɗan kasuwa ya rasu nesa da gida, akwai mai ɗawainiyar jana'iza da isar da dukiya ga magada a ƙetaren iyaka. In muka ƙirga su, za mu ga mutane kaɗan ne, kuma furfura ta kama mafi yawansu. Ran da suka kwanta dama, wa ya san lambobin da suke kira da ƙofofin da suke bugawa?

Masu alheri da yawa sun wuce, alherinsu ya wuce tare da su, domin a hannunsu kaɗai yake. Asma'u ta zaɓi mutane ta koya musu, ta ba su suna da alamar da jama'a za su gane, sa'an nan ta sakar musu aikin tun tana da rai. Shawararmu a wannan shekara ita ce kowane dattijo mai hidima a cikinmu ya jawo matashi ɗaya, namiji ko mace, ya riƙa tafiya da shi duk inda za shi, ƙungiya kuma ta rubuta sunayensu ta sanar a taro. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami mai gadon tulun.

Allah Ya ji ƙan Nana Asma'u da 'Yan Tarunta, Ya saka wa masu yi mana hidima da alheri, Ya maimaita mana.