Fassarar Kalmomin Abincin Dabbobi daga Harshen Suwidin zuwa Ingilishi

Wannan reshe ne na fassarar kimiyya da ya shafi takardun gwajin abincin dabbobi, da rubutun jikin buhu, da rahotannin bincike da ke fitowa daga Suwidin. Ana amfani da kalmomin fannin a Jami'ar Kimiyyar Noma ta ƙasar, SLU, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Uppsala, da kuma Jordbruksverket, hukumar noma da ke Jönköping.

Wani kaso na kalmomin ba ya ba mai fassara wahala, domin harsunan biyu sun gaje su ne daga tsarin gwaji na Weende da aka ƙirƙiro a Jamus a ƙarni na 19. Torrsubstans, wato abin da ya rage bayan an ƙafar da ruwan abinci, shi ne dry matter. Råprotein shi ne crude protein, wanda ake lissafawa ta hanyar ninka yawan naitirojin sau 6.25. Tun da Suwidin ta shiga Tarayyar Turai a 1995, dokokin Tarayyar, irin su mai lamba 767/2009 kan rubutun jikin buhu, suna fitowa a harsunan biyu, sai suka zama madogara.

Kuskuren da ya fi shahara shi ne na korn. A Suwidin sha'ir ake nufi, amma wanda bai san fannin ba yakan mayar da shi corn, wanda Ba'amurke zai ɗauka masara ce. Hatsin biyu kuwa sitacinsu ba ya narkewa da sauri ɗaya a tumbin saniya.

Babbar matsalar tana wajen ma'auni. Tsarin AAT da PBV, wanda masanan ƙasashen arewacin Turai suka gabatar a 1985, yana auna amino asid da ƙaramin hanji ke tsotsewa da kuma daidaiton furotin a cikin tumbi. Ya yi kama da abin da Ingila da Amurka ke kira metabolisable protein, amma hanyar lissafin ta bambanta, don haka sauya sunan kaɗai yakan sa mai karatu ya kwatanta alƙaluman da ba su da haɗi. Haka VOS, gwajin narkewar ciyawa da ake yi da ruwan tumbi na tsawon sa'o'i 96. Ƙwararru sukan bar gajeren sunan yadda yake, su yi masa bayani sau ɗaya, kuma wannan ce hanya mafi aminci.

Ma'aunin kuzari ma haka yake. Suwidin ta daɗe tana amfani da omsättbar energi, wato kuzarin da jikin dabba ke iya amfani da shi, a megajul, alhali Danmak tana kan foderenhet, wanda asalinsa darajar kilo 1 na sha'ir ne. Tsarin NorFor, na haɗin gwiwar Suwidin da Danmak da Norwe da Aisland, ya rage wannan saɓani a fannin shanu, kuma littafinsa na 2011, wanda Harald Volden ya tace, da Ingilishi aka buga shi. Fannin dawaki kuwa har yanzu yana lissafi da omsättbar energi da smältbart råprotein, wato furotin da ciki ke iya narkarwa.

A rubutun lamba, Suwidin waƙafi take sa wa gutsuren adadi, don haka 10,8 nata 10.8 ne a Ingilishi.