Maɗaurin agogo na nailan: daga hannun soja zuwa hannun ɗan makaranta

Agogon da na saya da albashina na farko yana kwance cikin rairayi, wani wuri tsakanin Dogo-Dogo da Dungas. Ina bayan kabu-kabu ɗan fil ɗin da ke riƙe da maɗaurin ya ɓalle, ban ankara ba sai da muka isa. Tun ranar, in zan sayi agogo, maɗauri nake fara dubawa. Na kawo zancen ne don lokacin BEPC ya gabato, ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, iyaye kuma na ta saya wa yara agogo.

Nailan ba tsohon abu ba ne. A 1935 aka fara haɗa shi a kamfanin DuPont na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Wallace Carothers. Da buroshin haƙori da safar mata ya shiga kasuwa, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya janye shi zuwa igiyoyi da laimar dirowa daga jirgin sama, domin yana da ƙarfi, ruwa kuma ba ya ruɓar da shi.

Maɗaurin da ake kira NATO kuwa, Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ce ta fitar da ƙa'idarsa a 1973: launin toka, faɗin milimita 20. Sojoji suna ce masa G10, daga sunan takardar da ake cikawa a karɓe shi daga sito. Dabararsa ita ce abin lura. Maɗaurin fata ko na roba gida biyu ne, kowane gida rataye da fil ɗaya, in ɗaya ya tafi agogo ya tafi. Na soja kuwa ɗauri guda ne dogo, ana zura shi ta fil na sama, ya bi ta bayan agogon, ya fito ta na ƙasa. Fil ɗaya ya karye, ɗayan yana riƙe. Da shi na ɗaura a ranar nan, da agogona na nan.

Ba na raina fata. Dukawan Damagaram sun san aikinsu, fatar jar akuyar Maraɗi ma ta yi suna har Turai. Amma hannun da ke alwala sau biyar a yini, ga gumin bazara, yana cinye fata: ta yi wari, ta bushe, ta tsage. Robar Casio ita ma takan tsattsage in ta kwana biyu. Nailan sai a wanke da sabulu a shanya.

Sai dai ba kowane ne na kirki ba. In kun tsallaka kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku ɗaga shi ga rana. In haske na ratsa saƙar, ku ajiye. Ku shafa bakin hudojin da yatsa. Mai kyau an ƙone bakinsu da zafi, zaren ya narke ya haɗe. Wanda aka huda kawai zai fara warwarewa daga hudar da yaro ya fi amfani da ita. Ku ja ɗinkin da ke riƙe da zobban ƙarfe, ku tambaya ko ƙarfen mara tsatsa ne, don mai fenti yakan ɓare ya bar kore a fatar yaro. Sannan ku tafi da agogon kansa a gwada faɗi, domin maɗaurin da ya yi siriri yakan riƙa zamewa yana girgiza fil. Na yara galibi milimita 16 ko 18 ne ke shiga, ba 20 na soja ba.